Sakaci a Bakin Ƙofa: Illar Rubutu Maras Inganci a Manhajar Tantance Masu Shiga



GABATARWA

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau, wani ɗan sashe ne na aikin kwamfuta wanda manomi ba ya ganinsa, amma kuwa yana iya zama sanadin samun takinsa ko rasa shi. Sashen nan shi ne manhajar da ake girkewa a gaban wata babbar manhaja ta intanet domin ta tantance duk wanda ya zo shiga. Don sauƙin bayani zan riƙa kiranta mai gadi. Zan kuma ɗauko misalina daga ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda masara da dawa da auduga da waken soya suke riƙe da rayuwar jama'a.

DAGA HATIMI ZUWA WAYA

A shekarar 1975 aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, aka buɗe cibiyoyi a karkara inda manoma ke sayen taki da iri. Duk wanda ya taɓa bin layin taki ya san yadda irin wannan wuri yake tafiya. Akwai malami a bakin ƙofa da littafinsa, shi ke duba mutum, ya rubuta masa takarda, ya buga hatimi. A can ciki kuma akwai mai sito, wanda ba ya tambayar kowa sunan ubansa ko na ƙauyensu. Hatimi kawai yake dubawa, in ya gani ya fito da buhu. Ke nan amanar siton nan gaba ɗaya tana rataye ne a wuyan malamin bakin ƙofa.

A shekarar 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona, Gwamnatin Tarayya ta mayar da takardar nan saƙon waya. Manomin da aka yi wa rajista yakan sami saƙo, ya kai wa dillalin da aka amince da shi, ya karɓi buhu biyu na taki a kan rabin kuɗi. Bayan haka lambar BVN ta bankuna ta zo a 2014, aka kuma fara haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020. Ta haka sunan manomin Bakori ko Ƙafur ko Ɗandume, da lambar wayarsa, da asusunsa, suka koma cikin kwamfuta. Tsarin dai bai sake ba, sai dai malamin bakin ƙofa ya zama manhaja.

YADDA MAI GADI YAKE AIKI

Idan ma'aikaci ko dillali ya buɗe shafin wata hukuma, saƙonsa yakan fara isa wurin mai gadi ne. Mai gadi ya nemi suna da kalmar sirri, ya gwama su da abin da ke ajiye. In sun dace, sai ya ba mutumin wani tikiti mai wa'adi don kada a riƙa tambayarsa kowane minti, sa'an nan ya miƙa saƙonsa ciki, ya liƙa masa 'yar alama mai cewa wannan wane ne, kuma ga matsayinsa. Manhajar ciki, kamar mai sito, alamar nan take bi.

Hikimar wannan tsari a fili take: maimakon kowace manhaja ta yi nata binciken, an tara binciken wuri guda. Haɗarinsa ma a nan yake, domin kuskure ɗaya a wurin nan ya shafi duk abin da ke bayansa. Mai gadi kuwa ba wani abu ba ne illa jerin umarni da ɗan Adam ya zauna ya rubuta, layi bayan layi, wani lokaci cikin gaggawa da gajiya. Bari mu duba aibobi huɗu da aka fi samu a irin wannan rubutu.

NA FARKO: YARDA DA HATIMIN DA BAƘO YA ZO DA SHI

Alamar da mai gadi ke liƙawa rubutu ce kawai a kan saƙo, kowa yana iya rubuta irinta daga gidansa. Saboda haka wajibi ne mai gadi ya fara goge duk wata alama da ta zo daga waje kafin ya liƙa tasa. Layi biyu ko uku ne ke yin wannan aiki, amma sau da yawa akan manta da su.

A watan Maris na 2025 aka bayyana irin wannan aibi a Next.js, wani ginshiƙi da ake gina shafukan intanet da yawa a kansa. Akwai wata alama da aka tanada don amfanin cikin gida, mai nuna cewa saƙo ya riga ya bi ta wurin bincike. Sai aka gano cewa duk wanda ya rubuto ta daga waje, za a tsallake da shi binciken baki ɗaya.

Na kamfanin F5, wanda aka sanar a watan Mayu na 2022 a na'urorinsa na BIG-IP, ya fi wannan ban mamaki. Mai gadin waje in ya ga saƙo ɗauke da alamar tikiti, sai ya bar shi ya wuce bisa zaton na ciki zai duba ingancinsa. Maharin kuwa yakan haɗa da umarnin a cire alamar kafin a miƙa saƙon. Na ciki da ya ga babu tikiti, kuma ga alama saƙon daga cikin gida ya fito, sai ya karɓe shi a matsayin na shugaba ba tare da duba kalmar sirri ba. Kowannensu ya dogara ga ɗan'uwansa, aka wayi gari babu wanda ya duba.

NA BIYU: BUƊE ƘOFA IDAN AN RIKICE

Mai gadi yakan tambayi wata kwamfuta dabam kafin ya yanke hukunci. To, yaya zai yi idan amsa ba ta zo ba? Wannan tambaya ta shafe mu ƙwarai, domin yankewar sabis da ɗaukewar wuta ba baƙin abu ba ne a karkararmu. Marubucin da bai yi tunanin wannan hali ba, yakan rubuta umarninsa ta yadda sai an ce “a'a” ƙarara sa'an nan za a hana mutum, shiru kuwa ya zama izini. Daidai shi ne akasin haka: ƙofa tana rufe har sai an sami “i” tabbatacciya. In ana tsoron manoma su yini a rana saboda sabis, sai a tanadi wata hanya ta musamman mai iyaka, wadda ake rubuta duk abin da aka bayar ta cikinta.

Kamfanin Apple ya gamu da dangin wannan matsala a watan Fabrairu na 2014. An maimaita layi ɗaya tak sau biyu a jere cikin umarnin da ke duba sa hannun shafukan intanet. Layin na biyu ya sa kwamfuta tana tsallake matakin bincike na ƙarshe, tana kuma ba da rahoton cewa kome lafiya. Ya ɗauki fiye da shekara guda a cikin wayoyin jama'a kafin a gyara.

NA UKU: SAKIN BAKI

Duk sirrin masu shiga ta hannun mai gadi yake bi. Masu rubutu sukan sa shi ya riƙa rubuta abin da ya gani a wani kundi don su gane inda matsala take lokacin gwaji, in an gama kuma su manta ba su cire ba. A watan Maris na 2019 Facebook ya amsa cewa kalmomin sirrin ɗaruruwan miliyoyin mutane suna ajiye a fili cikin kundayensa na ciki, abin da ya jawo hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 91 a 2024.

A watan Fabrairu na 2017 kuma aka gano cewa kwamfutocin Cloudflare, waɗanda ke tsaye a gaban shafuka masu ɗimbin yawa, suna zubar da tikitocin wasu mutane cikin shafukan wasu. Tushen abin shi ne, inda ya kamata umarni ya ce “tsaya idan ka kai ƙarshe ko ka wuce”, sai ya ce “tsaya idan ka kai ƙarshe” kurum. Da kwamfuta ta tsallake iyakar, sai ta ci gaba da kwaso abin da ba a aike ta ba.

NA HUƊU: TIKITIN DA BA YA MUTUWA

Akan sami mai gadin da ke duba cewa tikiti na gaske ne, amma ba ya duba ko wa'adinsa ya ƙare, ko an sallami mai shi daga aiki. Akan kuma sami mabuɗin da ake buga tikitin da shi an rubuta shi a cikin umarnin kansa, ta yadda duk wanda ya taɓa aiki a kan manhajar ya tafi da kwafinsa. Wannan daidai yake da malamin da ya bar aiki da hatimi a aljihu.

MAGANI

Jama'a, ku lura, a duk misalan nan babu inda ɓarawo ya karya ƙofa da ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanonin da na ambata kuwa suna da ƙwararru da dukiya. In haka ta same su, ina ga manhajar da aka ba ɗan kwangila ya haɗa cikin 'yan makonni don a cim ma damina?

Maganin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Rubutun mai gadi ya zama gajere, mai tsabta, wanda wani zai karanta ya fahimta a zama ɗaya, domin aibi a cikin tarkace yake ɓuya. Kada a yi binciken nan a wurare biyar ta hanyar kwafe-kwafe, don ranar gyara za a gyara huɗu a manta da ɗaya. Kada layi ya shiga aiki sai mutum na biyu ya duba shi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gwaji kuma, kada a tsaya ga tabbatar da cewa mai gaskiya ya shiga. A gwada da tikitin jabu, da wanda ya mutu, da alamar da aka ƙirƙiro daga waje, da lokacin da sabis ya yanke. Manhajar ciki ita ma kada ta karɓi saƙo daga kowa sai daga mai gadinta. Hukumar da ke ba da kwangila tana da ikon sa waɗannan cikin sharuɗɗa, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora mata nauyin tsare bayanan da ta tara.

KAMMALAWA

Masara tana da lokacin da take son taki, makonni kaɗan ne bayan shuka. Manomin da ya je ya tarar wani ya riga ya karɓi rabonsa da sunansa, ko da an gano kuskuren bayan wata biyu an biya shi, daminar bana ta wuce shi. Ba zai taɓa sanin layin da ya jawo masa haka ba, balle wanda ya rubuta shi. Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu masu koyon wannan fanni, da yawanku 'ya'yan manoma ne, ranar da aka ba ku rubuta mai gadi ku tuna abincin gidan wani aka damƙa muku.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.