Ɗari da tafiya bisa keke: yadda za mu kare hannuwanmu

Ƴan uwa manoma, masu garka da ƴan kasuwa, daga watan Disamba zuwa watan Fabrairu iskar hunturu take busowa daga arewa maso gabas. Tana zuwa da ƙura da hazo da ɗari. A wannan lokaci ne kuma aikin garka yake kankama. Tun bayan farin shekarar 1984 noman rani ya bunƙasa a ƙasarmu, daga Jiratawa da Madarunfa zuwa Mirya da Gidimuni, daga Galmi da Tabalak zuwa bakin kogi a Yamai. Mutane da yawa suna hawan keke tun da asuba. Wani zai tafi ban ruwa, wani zai kai salati da tumatir kasuwa, wani zai kai yaro makaranta.

Duk wanda ya yi irin wannan sammako ya san abin da ke faruwa. Kafin a yi nisa yatsu sun yi sanyi, sun ƙage, sun mutu. Wasu suna ɗaukar abin wasa ne. Ba wasa ba ne, domin hannu shi ne ke riƙe da keke, shi ne kuma ke kama birki.

Me ya sa hannu ke riga sauran jiki jin ɗari?

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Jini ne ke ɗaukar wannan ɗumi yana rarraba shi ko'ina cikin jiki. Idan ɗari ya taɓa fata, jiki yakan fara kare wuraren da rai ya dogara a kansu, wato zuciya da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Sai ya tsuke ƙananan hanyoyin jini da ke zuwa yatsun hannu da na ƙafa, don ɗumi ya tsaya a tsakiyar jiki. Jini ya ragu a yatsu, ɗumi ma ya ragu.

Ban da haka, yatsu sirara ne. Ba su da kitse ko tsoka mai yawa da za ta riƙe ɗumi. Ƙaramar tukunya takan riga babba hucewa. Haka yatsa yake riga cinya yin sanyi.

Abubuwa uku da ke kwashe ɗumin hannu

Na farko, iska. Fatar mutum tana ɗumama iskar da ke manne da ita, wannan iska kuma ta zama kamar mayafi. Idan iska ta buso sai ta yaye mayafin. Mai keke kuwa shi da kansa yake haddasa iska, ko da gari ya yi tsit. Hannuwansa ne a gaba, su ke fara cin karo da ita.

Ga misali. A watan Janairu, a Maradi da Damagaram da Tawa, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, wasu ranaku har ya kusanci 10. A ce yana kan 10. Mai keke yana tafiyar kilomita 15 a awa, hunturu kuma yana buso masa a fuska da irin wannan sauri. Iskar da ke bugun hannunsa ta zama ta kilomita 30 a awa ke nan. Bisa ga lissafin da masana yanayi na Kanada da Amurka suka fitar a shekarar 2001, fata za ta ji kamar ana digiri 7. Daga Mirya zuwa Damagaram kilomita 18 ne. Fiye da awa guda ke nan hannu yana shan wannan iska.

Na biyu, ruwa. Ruwa ya fi iska saurin janye ɗumi kusan sau 25. Kuma idan yana bushewa bisa fata yana ƙara sanyaya ta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Wanda ya yi alwala, ko ya wanke kayan garka, ya hau keke da jiƙaƙƙen hannu, ya ninka wa kansa ɗari.

Na uku, ƙarfe. Mariƙin keke da hannun birki na ƙarfe ne, kuma sun kwana cikin sanyi. Ƙarfe yana tsotse ɗumin tafin hannu da sauri fiye da itace ko tsumma ko roba.

Ina haɗarin yake?

Haɗari na farko shi ne faɗuwa. Yatsan da ya yi sanyi ba ya motsi da sauri, ba ya da ƙarfi, ba ya jin abin da ya taɓa. Idan akuya ta gitta, ko amalanke ta ɓullo cikin hazo, mai keke zai so ya kama birki amma hannu ya ƙi. In da kaya mai nauyi a baya, ko yaro, abin ya fi muni. Karaya ɗaya tana iya hana mutum aikin rani gaba ɗaya.

Haɗari na biyu shi ne tsagewar fata. Iskar hunturu busasshiya ce. Tana busar da fata har ta yi kaushi, ta tsage, ta yi jini. Tsagar nan ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Cikin ƙasa da takin dabbobi akwai ƙwayar tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. Mai garka kuwa kullum hannunsa cikin ƙasa da taki yake.

Haɗari na uku shi ne ƙuna. Hannun da ya mutu da sanyi ba ya jin zafin wuta. Mutum zai kara shi bisa garwashi, fata tana ƙonewa bai sani ba.

Kafin a fita daga gida

1. A fara da ɗumama jiki. Idan ƙirji da ciki sun yi ɗumi, jiki zai saki jini ya tafi yatsu. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu tana riƙe ɗumi. Ta waje ta zama wadda iska ba ta ratsawa.

2. A rufe kai da kunne da wuya da hula ko rawani. Rawani yana kuma tare ƙura daga hanci da baki. Amma a naɗa shi sosai, kada ya rufe ido, kada jelarsa ta shiga cikin taya.

3. A sa wani abu a ciki. Koko ko kunu mai ɗumi, ko ɗumamen tuwo. Abinci shi ne itacen da jiki ke hura wutarsa da shi.

4. A goge hannu ya bushe sarai, har tsakanin yatsu.

5. A shafa man kaɗanya ko basilin a bayan hannu da yatsu. Mai ba ya kawo ɗumi, amma yana hana fata tsagewa. Kada a cika shi a tafin hannu, don kada mariƙi ya yi santsi. A sake shafawa da dare kafin a kwanta.

6. A ɗan motsa jiki. A buga ƙafa, a juya hannuwa. Wanda ya hau keke da hannu mai ɗumi ya fi daɗewa bai ji ɗari ba.

Wace irin safar hannu?

Ana samun safar hannu wajen masu sayar da gwanjo. Ga abin da za a duba kafin a saya:

Kada ta matse. Safa mai matsewa tana hana jini gudana, sai ta ƙara sanyi. A sa ta, a dunƙule hannu, a buɗe. In yatsu suna motsi ba wahala, ta yi.

Ta tare iska. Safar ulu tana da ɗumi, amma iska tana bi ta ramukan saƙarta. Ta fata ko ta yadi mai tauri tana tare iska. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyu: ta ulu a ciki, mai tare iska a waje.

Ta rufe wuyan hannu. A nan hanyoyin jini suke kusa da fata. A tura bakin safa cikin hannun riga don kada iska ta sami ƙofa.

Kada tafinta ya yi santsi. A gwada kama birki da ita tun a ƙofar gida.

Wanda ba shi da kuɗin saye yana iya ɗaukar tsohuwar safar ƙafa mai tsabta. Ya huda mata ƙofa a gefe don babban yatsa. Yatsu huɗu da ke wuri ɗaya suna ɗumama juna. Sai dai ya tabbata suna iya miƙewa su kama birki.

Kada a ɗaura leda bisa fata. Tana tara gumi, hannu ya jiƙe, kuma tana da santsi. Kada a yi ban ruwa da safar da za a hau keke da ita. A cire ta, a ajiye cikin aljihu. Jiƙaƙƙiyar safa ta fi rashin safa sanyi.

Gyaran keken kansa

A naɗe mariƙi da tsumma, sa'an nan a bi shi da tsohuwar robar cikin taya da aka yanka siri-siri. A ɗaure tamau don kada ya riƙa juyawa. Hannun birki ma ana iya naɗa masa roba kaɗan.

Ana iya yi wa hannu garkuwa. A sami ƙaramar jarka ta roba, a wanke, a raba ta biyu. A ɗaura kowane ɓari a gaban mariƙi yadda zai tare iska. A goge bakin yankan don kada ya yanki hannu. Kada a kuskura a yi amfani da jarkar da aka zuba maganin ƙwari, ko da an wanke ta.

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada da Sin, masu keke da masu moto suna ɗaura wa mariƙi wani irin aljihu. Yana rufe mariƙi da birki gaba ɗaya, mutum ya zura hannunsa ciki. Tela ko baduku zai iya ɗinka irinsa da tampol ko fata, a yi masa shafi da tsohon bargo. Bakinsa ya zama mai faɗi, don hannu ya fito da sauri in an tashi faɗuwa. Wannan zai amfani ƴan kabu-kabu ƙwarai, domin gudun moto ya fi na keke, iskarsa ma ta fi.

A kuma duba birki. Birki mai tauri yana bukatar ƙarfin da hannu mai sanyi ba shi da shi. A ɗiga wa wayarsa mai, a sake robarsa in ta cinye.

A kan hanya

Kada a tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin aljihu ko cikin riga. Kada a damƙe mariƙi da ƙarfi fiye da kima, domin hakan yana tsayar da jini. A riƙa motsa yatsu jefi-jefi.

Da zarar yatsu sun fara mutuwa, a tsaya a gefen hanya. A sa hannuwa cikin hammata, ƙarƙashin riga, na ƴan mintoci. A juya su kamar mai wurga dutse, don jini ya sauka zuwa yatsu. Sai an ji suna motsi sosai a ci gaba. Jinkirin minti 5 ya fi jinyar wata 2.

Sanyi ya fi tsanani dab da fitowar rana, wato wajen ƙarfe 7 a watan Janairu. In tafiyar ba ta gaggawa ba ce, a dakata rana ta ɗan ɗaga.

Taba sigari tana tsuke hanyoyin jini, tana ƙara wa yatsu sanyi. Giya tana sa mutum ya ji kamar ya yi ɗumi, alhali jikinsa zubar da ɗumi yake yi. Ƙwayar tramol tana ɓoye zafin ciwo, tana rage hankalin mai tuƙi, ba ta kuma kare kowa daga ɗari.

In an isa

A ɗumama hannu a hankali. A sa shi cikin hammata, ko cikin ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri. A gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna. Kada a tsoma hannu cikin ruwan zafi. Kada a kara shi dab da garwashi, ko bisa butar shayi, ko bisa salansar moto. In yatsu sun yi zugi kaɗan sa'ad da jini ke komowa, ba kome, zai wuce.

In fata ta tsage, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe kafin a taɓa ƙasa ko taki.

Su wa ya kamata su ƙara kula?

Yara. Hannunsu ƙanana ne, kuma yaron da aka goya bisa keke ba ya tuƙi, jikinsa ba ya samar da ɗumi kamar na mai tuƙi. A rufe shi fiye da babba.

Masu amosanin jini. Sanyi yana tayar musu da ciwon ƙashi da gaɓoɓi. A yara ƙanana hannu da ƙafa sukan kumbura. Su rufe jiki sosai, su sha ruwa da yawa ko da ba su jin ƙishirwa.

Tsofaffi da masu ciwon sukari, domin jini ba ya isa yatsunsu sosai, wasunsu kuma ba su jin zafi ko sanyi yadda ya kamata.

Masu tafiya arewa. A kudancin ƙasarmu ɗari ba ya kaiwa ga daskarar da yatsa. Amma a duwatsun Ayar da hamadar Aljeriya da Libiya akwai dararen da ruwa ke daskarewa. Wanda zai nufi can ya tanadi safa mai kauri tun daga gida.

Yaushe za a tafi likita?

In yatsu ba su farfaɗo ba bayan an ɗumama su.

In sukan yi fari fat, sa'an nan su yi shuɗi, sa'an nan ja, duk lokacin da sanyi ya taɓa su.

In tsaga ta kumbura, ta yi mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar rigakafin tetanos.

In hannu yana mutuwa ko da babu ɗari, musamman in akwai tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske kuma ba ya jin taɓi. Wannan yana iya zama farkon kuturta. Kuturta tana warkewa, kuma tun shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganinta kyauta. Wanda ya je da wuri yana tsira da yatsunsa.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Jiki rufe, hannu bushe, safa wadda ba ta matse ba, mariƙi naɗe, birki mai laushi. Mafi yawan waɗannan ba su bukatar ko dala. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da abokan sammakonsa. Allah Ya kai mu ƙarshen ɗari lafiya, Ya sa albarka a aikin rani.