Bayani A Kan Birkin Tsohuwar Mota Ga Masu Ɗora Kaya

 Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, kaka ta yi, lodi ya kankama daga Saminaka da Giwa da Makarfi da Dandume zuwa Dawanau. Yau mun ajiye maganar kuɗin buhu, mun ɗauko maganar motar da ke ɗaukar buhun. Mu ba makanikai ba ne, hatsi muke saye muna sayarwa. Amma wanda ya shekara talatin yana zama kusa da direba, ya kuma sha wuni a gareji yana gadin kayansa, ba ya rasa abin da ya tsinta.

Wata shekara mun ɗora masara a wata tsohuwar mota. Tun fitowarmu muka lura direba sai ya taka birki sau biyu kana ta tsaya. Muka tambaye shi, ya ce, "Alhaji, halinta ne." Muka yi shiru domin muna son mu riski kasuwa. A wata gangara birki ya tafi ƙasa gaba ɗaya, mota ta kwanta a kwari. Allah ya tsare rayuka, amma yaron mota ya karye a ƙafa, buhuna da dama suka fashe. Da makaniki ya duba, ashe wata 'yar roba ce ta ƙafar baya take yoyo, kuɗinta bai kai na rabin buhu ba. Tun ran nan ba mu ɗora kaya sai mun sa an taka birki a gabanmu.

Ga yadda abin yake aiki a motocin da ke amfani da man birki, irin su akori-kura Peugeot 404 da 504 da Canter. In direba ya taka, ƙafarsa na tura wani ƙarfe cikin masta, masta ta matsa mai, mai ya bi ta fayif zuwa kowace ƙafa ya tura lainin ya kama duram, ko fad ya kama faifai. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ke isa inda aka aike shi. Iska kuwa tana matsuwa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin karatun.

Alama ta farko: birki ya yi laushi kamar an taka katifa, in an yi ta bugawa ya ɗan taso amma laushin bai tafi ba. Galibi iska ce ta shiga layin mai, ko don an bar mai ya ƙare a kofinsa, ko don an kwance wani wuri ba a cire iskar ba. Wani lokaci kuma tiyon roba na ƙafa ne ya tsufa yana kumbura in an taka. Magani a cire iskar ƙafa bayan ƙafa, a kuma nemo ƙofar da ta shiga, in ba haka ba za ta dawo.

Alama ta biyu: birki yana tafiya nesa kafin ya kama, amma in ya kama da ƙarfinsa, kuma bugu na biyu yana kamawa daga sama. Wannan lainin ne ya cinye ko ya yi nisa da duram. A ja hambirki kaɗan a sake takawa. In ya taso, to ƙafafun baya ne ke son a ɗaure su ko a sake musu lainin.

Alama ta uku ita ce ta fi haɗari. A taka birki a riƙe da ƙarfi guda kamar na rabin minti. In ya riƙa nutsewa sannu sannu har ƙasa, mai yana gudu ta wani wuri. Sai a buɗe kofin mai. In ya ragu, yoyo na waje ne: a duba cikin kowace taya ko akwai jiƙa, a bi fayif inda ya yi tsatsa, a duba bayan masta. In kuwa mai yana nan cif bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zillewa ta bayansu. Motar da ta nuna wannan alama kada buhu ɗaya ya hau ta. Ku sani kuma, wasu tsofaffin motoci layin mai ɗaya gare su, in wuri guda ya fashe duk ƙafafu sun tafi. Na baya-bayan nan layi biyu ake yi musu, ko ɗaya ya tafi ɗayan ya ɗan riƙe.

Alama ta huɗu: birki ya yi tauri kamar dutse, direba har yana miƙewa a kansa amma mota ba ta tsayawa da wuri. A nan sai a zargi baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, wadda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi da zuƙar inji. Gwajinta ba wuya. A kashe mota, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe shi, sannan a ta da inji. In tukunyar lafiya take, za a ji birkin ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafa. In bai motsa ba, a duba tiyon da ya zo mata ko ya tsage ko ya cire. A motar dizal famfo ne na musamman ke yi mata zuƙar, shi ma a duba shi.

Alama ta biyar: birki yana harbin ƙafa, ko sitiyari yana rawa in an taka. Duram ne ya daina zama da'ira, ko faifai ya gurɗe. In kuwa mota tana fizga gefe guda, to ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta kamawa, ko mai ya jiƙa lainin ɗayar. Bayan tafiya kaɗan a kusantar da hannu ga kowace ƙafa ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi tana riƙe da birki ko ba a taka ba.

Saura maganar gangara, irin Hawan Kibo na hanyar Jos zuwa Akwanga. Mota tana iya fitowa da birki lafiya ya ɗauke a tsakiyar gangara saboda zafi. In ya tsaya da taurinsa amma ba ya kamawa, ga warin ƙuna, lainin ne ya yi zafi. In kuwa ya tafi ƙasa, mai ne ya tafasa. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in suka sha ruwa sai su sauko wajen 140 da 155. Shi ya sa ake juye shi duk shekara 2, kuma ba a sayen wanda aka bar bakin gwangwaninsa a buɗe. Gangara da ƙaramar giya ake saukarta, a sa giyar tun daga sama. Direban da ke cire giya don ya rage shan mai, ku sauke kayanku daga motarsa.

Akwai dabaru biyu na bakin hanya da muke roƙo a bari. Na ɗaya, zuba ruwan sabulu ko baƙin mai a madadin man birki. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, yana kuma cin ƙarfe, baƙin mai kuwa kumbura robobi yake yi su lalace duka. Na biyu, toshe fayif na ƙafar da ke yoyo a ce a lallaɓa da sauran. Lallaɓawar nan ta kai mutane da yawa kabari.

Manyan motoci masu birkin iska nasu karatun dabam ne, amma mai kaya yana iya lura da abu uku. Kada a tashi sai allurar agogon iska ta cika. In an kashe inji a saurara ko ana jin huci. A kuma tambayi yaron mota yaushe rabon a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska.

Mu ma muna da namu laifin. Akori-kura da aka yi don kimanin tan ɗaya, watau buhu 10 mai kilo 100, mu muke matsa wa direba ya ƙara biyar don kuɗin mota ya sauka. Kowane buhu da aka ƙara, zafi aka ƙara wa birki. Mu ne kuma masu cewa a yi sauri kada kasuwa ta watse, alhali in gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake sau huɗu. Dillalin da ya haɗa mai kaya da mota amana ya ɗauka, wanda kuma ya sayar da tsohuwar mota ya ɓoye aibinta ya san hukuncin algus.

Saboda haka kafin buhun farko ya hau, a buɗe kofin mai, a taka a riƙe, a leƙa cikin tayoyi, a ja hambirki, a tabbata waigi yana cikin mota. Duka ba su kai minti 10 ba. Direba mai gaskiya ba zai ji haushi ba, domin ransa ne a gaba kafin kayanmu. Tawakkali bai hana riƙo da sababi ba.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a ciniki. Wassalamu.