Injin Huda Ƙarfe Mai Maganaɗisu: A San Shi Kafin A Saya

In kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, sai hankalin manomi ya koma kan kayan aikinsa. Amalanke ya sassauta, garma ta karkace, tirelar tarakta tana kuka, ga kuma hasumiyar tankin ruwa da a ke so a tayar kafin bazara. Duk wanda ya tsaya a rumfar mai walda a wannan lokaci zai ga bukata guda tana ta dawowa, watau a huda ƙarfe mai kauri wanda ya fi ƙarfin a ɗauka a kai kan injin tebur. Abin da galibi a ke yi shi ne a ƙara wa injin walda wuta a ƙona ramin. Rami kam yakan samu, amma bakinsa kamar cin ɓera. Ƙusar noti ba ta zama daram a ciki, tafiya kaɗan bisa hanyar gona sai ta soma wasa, ramin ya ƙara buɗewa, daga nan ƙarfen ya tsage.

Akwai injin da aka ƙera musamman don wannan aiki, shi ne injin huda mai maganaɗisu. Da ya ke akawu ne ke rubuta takardar saye, malami kuma shi ke tsaye kan yaro sa'ad da ya ke aiki, mun ga ya kamata mu yi wa ɓangarorin nan biyu bayaninsa, domin kuɗin jama'a ne za a kashe, hannun ɗan wani kuma za a sa kusa da shi.

Yadda Ya Ke Aiki

Gindin injin maganaɗisu ne na lantarki, watau waya ce aka naɗe a kan baƙin ƙarfe, muddin wuta na bi ta cikinta sai ta kama ƙarfe tam, in wutar ta yanke ta sake shi. Wani Bature ɗan Ingila, William Sturgeon, shi ya fara nuna irin wannan maganaɗisu a shekarar 1825. Bisa gindin akwai injin da ke juya bakin huda, da hannu wanda a ke murzawa bakin ya sauka ko ya hau. Ƙananan cikinsu nauyinsu bai wuce kilo 10 zuwa 13 ba. Saboda haka mutum guda na iya ɗaukarsa ya kai wa ƙarfe har inda ya ke, ya manna shi a kwance ko a tsaye.

Bakin da a ke sa masa ya bambanta da murɗaɗɗen bakin nan da kowa ya sani. Shi kamar ɗan bututu ya ke, mai haƙora a gefen bakinsa, shi ya sa mu ke kiransa bakin zobe. Wani mutum a Jihar Mishigan ta Amurka, mai suna Hougen, shi ya fito da irin wanda a ke amfani da shi yanzu a farkon shekarun 1970. Zobe kaɗai ya ke yankewa, tsakiyar ta faɗo dunƙule guda. Ga lissafi wanda malami zai iya bai wa 'yan aji: rami mai faɗin milimita 30 filinsa murabba'in milimita 707 ne, murɗaɗɗen baki kuwa sai ya niƙe wannan duka. In kaurin bangon bakin zobe milimita 4 ne, dunƙulen da zai faɗo ya ɗauke 380, saura 327 kaɗai za a yanka, bai kai rabi ba. Wannan ne dalilin da ƙaramin inji ke huda babban rami cikin sauri. A tsakiyar bakin akwai tsinke mai aiki uku: yana nuna daidai inda za a huda, yana buɗe wa ruwan sanyaya baki hanya, sa'an nan ya tunkuɗo dunƙulen in an gama.

Abin Da Za A Duba Wajen Saye

Na farko, a auna aikin kafin a dubi injin. Ƙusa mai kaurin milimita 16 rami mai 18 ta ke so, mai 20 kuma rami mai 22. Sandunan da ke riƙe garma a bayan ƙaramar tarakta kaurinsu milimita 22 ne, na matsakaiciya 28. Ashe ke nan injin da ke huda har milimita 35 ya ishi yawancin aikin gona. Sayen mai huda 50 ko 100 don a ce an sayi babba ɓarnar kuɗi ce, ga nauyin da zai hana a hau da shi sama.

Na biyu, a karanta ɗan allon da ke jikinsa. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, alhali akwai injunan da aka yi don bolt 110 ko 120, sukan shigo cikin kayan gwanjo. In aka jona irin wannan kai tsaye, nan take zai ƙone. Ƙaramin inji yakan ci wat 1,000 zuwa 1,200, amma sa'ad da ya ke tashi yana jan fiye da haka, don haka janareton da za a ba shi ya zama ya ninka wannan.

Na uku, a tabbata mazaunin bakinsa irin wanda a ke kira Weldon ne, mai kaurin milimita 19 da gefe biyu a shafe, domin shi ya fi yawa a kasuwa. Injin da ba a samun bakinsa kusa, jaki ne ba mangala. A nemi kuma mariƙin murɗaɗɗen baki, gama bakin zobe daga wajen milimita 12 ya ke farawa.

Na huɗu, bakunan kansu iri biyu ne. Akwai mai alamar HSS, wanda aka yi da ƙarfe mai jure zafi. Ya fi araha, ana iya wasa shi in ya dakushe, ya kuma isa ga ƙarfen gini na yau da kullum. Akwai mai alamar TCT, wanda aka dasa wa haƙoran kabaid. Ya fi cin ƙarfe mai tauri, ya fi daɗewa, amma ya fi tsada, haƙoransa kuwa ba su son girgiza. Tsawonsu galibi biyu ne, mai zurfin milimita 25 da mai 50. A ɗauki gajeren in ya isa, don ya fi wuyar karyewa. Shawararmu ga makaranta ita ce a fara da HSS a awo huɗu ko biyar da aka san za a yi aiki da su, kowane bibbiyu, maimakon akwati cike da awon da ba za a taɓa ba.

Kamun Maganaɗisu Shi Ne Kome

Ƙarfin kamun da masu ƙira ke rubutawa a takarda, a kan ƙarfe mai kauri ƙwarai, mai tsabta, shimfiɗaɗɗe su ke auna shi. Ƙarfen gona kuwa ba safai ya ke haka ba. In kaurinsa ya gaza milimita 10 kamun yakan ragu ƙwarai, sai a ɗaure wani ƙarfe mai kauri a bayansa daidai ƙarƙashin gindin. Tsatsa da fenti da laka da ɓarɓashin ƙarfe duk suna shiga tsakani su raunana shi, lalle ne a kankare wurin, a goge gindin injin kafin a aza. Ba ya kama alminiyam ko tagulla, haka kuma yawancin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Bututu ma sai da mazauni na musamman, domin gindin ba ya zama a kan abu mai kewaye.

Babban hatsarin kuwa a wurinmu shi ne ɗaukewar wuta. A wani ɗakin koyon sana'a da muka kai ziyara, mun tarad da ɗalibi a kan tsani yana huda gefen ginshiƙin rumfa, wani yana ƙasa yana riƙe masa tsanin. Ana tsakiyar aiki janareto ya shaƙe. Kafin ƙiftawar ido injin ya saki ƙarfen. Allah ya taimaka malaminsu ya riga ya ɗaure shi da sarƙa a jikin ginshiƙin, sai ya tsaya yana lilo bisa kan na ƙasa. Baki guda ya karye, iyakar hasarar ke nan. Tun daga ranar mu ke cewa, injin da ba a ɗaura wa sarƙa ko ɗamararsa ba, kada a kunna shi, ko da a kwance ya ke. Akwai masu batir waɗanda maganaɗisunsu ba ya bukatar wuta, su ma a ɗaure su.

Yadda A Ke Huda

A ɗiga alama da ƙusa mai tsini da guduma. A sa tsinken tsakiya a cikin bakin, a ɗaure shi sosai a mazauninsa, wuta na cire. A daidaita tsinken bisa alamar, a kunna maganaɗisu, a gwada girgiza injin da hannu. Sa'an nan a buɗe ruwan sanyaya baki, watau man yanka da a ke gaurayawa da ruwa, kana a kunna injin. A sauke bakin a hankali har haƙora su shata zobe, daga nan a ci gaba da dannawa daidai wa daida. In aka danna da ƙarfi gindin ya ɗaga, bakin ya karye. In aka yi sako-sako kuma haƙora su riƙa gogar ƙarfe su dakushe. Gwargwadon faɗin baki, gwargwadon rage gudu: bakin HSS mai milimita 18 yana son juyi wajen 450 a minti, mai 35 kuwa wajen 230. In an gama, a kashe injin tukuna, ya tsaya cik, kana a kashe maganaɗisu.

In ana huda a tsaye ko sama da kai, a shafa wa bakin man yanka mai kauri, don na ruwa yana iya gangarawa cikin injin. In ƙarfe biyu ne a haɗe, a tsaya a fid da dunƙulen na farko kafin a shiga na biyu. Kada a yi walda a jikin ƙarfen da injin ke manne da shi, wutar walda tana lalata shi. Kada a huda bakin garma ko faifan haro ko sifirin da bakin HSS, domin ƙarfe ne da aka taurara. Kada kuma a huda leɓen sama ko na ƙasa na ƙashin bayan tirela, nan ne nauyi ke taruwa. A huda a bangon tsakiya. Ƙarfen da ke kāre direban tarakta in ta kife, shi ba a huda shi sam.

Mai aiki ya sa tabarau, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun taguwa, kada ya sa safar hannu sa'ad da bakin ke juyawa. Ɓarɓashin kaifi gare shi kamar aska, da buroshi a ke share shi. Dunƙulen kuma da zafi ya ke faɗowa, kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nisanci maganaɗisun.

To, akawu, in takardar neman wannan inji ta zo gabanka, tambayi mai nema kaurin ƙarfen da zai huda, da faɗin ramin, da wutar da zai jona. In ya kasa amsawa, a jinkirta sayen. In an saya, a rubuta kowane baki da tsinkensa a littafin sito, gama su ke fara salwanta. Kai kuwa malam, kafin ka koya wa yaro murza hannun injin, koya masa kankare tsatsa da ɗaura sarƙa, ka kuma kashe maganaɗisun a gabansa bisa tebur ya ga yadda ya ke saki. Gani ya kori ji. Allah ya kiyashe mu da hatsari, ya sa albarka a gonakinmu, amin.