Jarumi da Bos a Wayoyin Samarin Birnin Kudu da Gwaram

Wanda ya tsaya na ɗan lokaci a rumfar masu tura fina-finai a Birnin Kudu, ko ya ratsa kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram ranar da take ci, zai ji abin da samari suka fi tambaya idan sun miƙa waya ko memori. "Akwai sabuwar fassara? A sa min mai faɗa." Na soyayya da rawa ba su ɓace ba, amma kasuwa ta karkata ga labarin wanda aka zalunta ya tashi ya rama, da na ɓarayi, da 'yan fasa-ƙwauri, da 'yan daba.

Son irin wannan labari ya girmi waya. Tun kafin a kafa jihar Jigawa a 1991 mutanen wannan yanki suke shiga Kano kallon Indiya a silima, kuma dattawa da yawa har yau suna tuna Sholay na 1975, inda ɗan fashi Gabbar Singh ya kashe iyalan wani tsohon ɗan sanda ya kuma sare masa hannuwa, shi kuwa ya ɗauko ɓarayi biyu haya su kamo masa shi. Ban da silima ma akwai Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi a littattafai, akwai filin dambe bayan kaka. Bahaushe ya daɗe yana son namijin da ba ya ja da baya. Abin da ya sauya shi ne yawan abin, da sauƙin samunsa, da kuma irin jarumin da ake tafa wa.

Fassara ce ta buɗe ƙofar. Da can sai an nemi wanda ya ɗan tsinci Indiyanci ya riƙa yi wa jama'a bayani a gidan kallo. Da kamfanoni irin su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya, sai bos ya koma yin barazana da Hausar Kano, jarumi yana mayar masa da baƙar magana da karin magana. Yaron da bai taɓa wuce Dutse ba yanzu yana bin kowace kalma. Kuma masu fassarar sun fi ɗauko fina-finan kudancin Indiya, waɗanda duka da jini suka fi yawa a cikinsu. Waya ta ƙarasa aikin: fim ya bar gidan kallo inda babba zai iya tsawatawa, ya koma aljihu, ana kallonsa a majalisa, a kan babur lokacin jiran fasinja, a gona lokacin hutun rana.

Amma fassara da waya ba su isa su bayyana dalilin da ya sa aka zaɓi wannan nau'in ba. Sai an dubi su waye jaruman. A Pushpa na 2021, Allu Arjun ya fito a matsayin lebura mai saran itace wanda 'yan ubansa ke goranta masa asali, ya kutsa cikin masu fasa-ƙwaurin wani jan katako mai tsada har ya zama ubangidansu. A KGF, wanda kashinsa na farko ya fito a 2018, Rocky maraya ne da mahaifiyarsa ta mutu cikin talauci bayan ta sa shi alkawarin zai yi arziki, ya ƙare a mahaƙar zinariya inda ake bautar da mutane. Babu malami ko alƙali a cikinsu. Masu laifi ne, sai dai an fara zaluntarsu kafin su zalunci kowa. Saurayin da ya gama sakandare ya dawo gida ba aiki, yana jiran damina ko yana shirin tafiya ci-rani, ba ya buƙatar a yi masa bayanin me ake nufi da raini.

A ganina babban abin da ke jan mutane shi ne saurin hukunci. A Najeriya kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yari jiran shari'a suke yi. Mutumin karkara ya san yadda rikicin iyakar gona ko na gado ke cinye shekaru da kuɗin mota, ya san yadda ɓarnar shanu a gona ke ƙarewa da "a yi haƙuri". A fim kuwa cikin awa biyu da rabi an yi laifi, an gane mai shi, an hukunta shi a gaban idonka. Masu iya magana sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma a kan wannan karin maganar aka gina kasuwar gaba ɗaya.

Kannywood ta lura. Masana'antar da ta fara da Turmin Danya a 1990 ta kuma yi suna da soyayya da rikicin kishiyoyi ta koma yin masu dogon zango a YouTube, ciki har da A Duniya na Tijjani Asase, wanda ya fito da Daddy Hikima a matsayin Abale. Sunan ya bi shi har ya kusa danne nasa na gaskiya, yara kuma suka kwashe salon maganarsa da tafiyarsa.

To, me hakan ya haifar? Masu cewa fim ne ke ƙera 'yan daba suna sauƙaƙa magana. Daba a Kano ta girmi Kannywood, kuma sara-suka a Bauchi, maƙwabciyar Gwaram, siyasa da ƙwaya da zaman banza ne suka raine ta. Dubban samari suna kallon KGF da dare su wayi gari su ɗauki fartanya. Wasu ma za su ce kallon yana rage musu zafin zuciya, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba.

Illar da ta fi damuna ta fi wannan ɓoyuwa. A fim mai kallo bai taɓa shakkar wane ne mugu ba, domin kyamara ta nuna masa laifin tun farko. Idan jarumi ya ɗaga adda, zuciya a kwance take. Wanda ya sha irin wannan labari dare da rana yana iya sabawa da jin cewa gane mai laifi abu ne mai sauƙi, bincike kuma ɓata lokaci ne. A kasuwa babu kyamarar da ta riga ta nuna komai, ihun "ɓarawo!" kawai ake ji. A watan Maris na 2025 wasu mutane a Uromi ta jihar Edo suka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano, suka yanke cewa masu garkuwa da mutane ne, suka kashe 16. Ba fim ne ya sa su ba, amma tunanin iri ɗaya ne: mun gane bos, me ake jira? Musulunci ya yarda da ƙisasi, sai dai ya ɗora shi a hannun hukuma bayan shaidu, ya kuma buɗe ƙofar diyya da yafiya. Wannan ɓangaren ne fim ɗin ramuwa ke yankewa, don ba ya sayuwa.

Hukumomi sun gwada hani. A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. Niyyar mai kyau ce, amma dokar ta fi kama furodusan Kano da ke da ofis da lasisi. Ikonta bai ƙetara zuwa Jigawa ba, bai kuma shiga memorin da aka cika a Sara ba. Sakamakon shi ne an ɗaure hannun wanda zai iya ba da labarin laifi da idon Bahaushe, har da kuka da zaman makoki da abin da ke biyo bayan ramuwa, an bar fili ga wanda aka yi a Hyderabad ta Indiya.

Marubutan Kannywood su daina tsoron labarin laifi, su kuma daina kwafe na Indiya. A rubuta mana wanda ramuwa ta faɗa kan marar laifi, a nuna gidansu washegari. Hukumomin shari'a na Jigawa kuwa su sani cewa kowace ƙarar gona da ta shekara ana ɗage ta tana ƙara wa mai rumfar turi ciniki.