Ƙarin Sule Biyar da Jinin Ɗalibai

Duk wanda ya yi zaman jami'a a Nijeriya cikin shekarun 1970 ya san darajar ɗan tikitin abincin nan da ɗalibi kan adana a aljihu kamar laya, domin albarkacinsa ne ɗan manomin da ya baro ƙauye da akwatin ƙarfe da bargo yake zama teburi ɗaya da ɗan attajiri, su ci tuwo iri ɗaya. Saboda haka, sa'ad da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar a 1978 cewa kuɗin abincin yini ya tashi daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, abin da mahukunta suka ɗauka sule biyar ne kacal, ɗalibai suka hango somin-taɓin rufe ƙofar ilimi ga 'ya'yan talakawa. Ni kuwa a ganina, hangensu ya fi kusa da gaskiya.

A wancan zamani Janar Olusegun Obasanjo ne yake mulkin soja, jam'iyyun siyasa a haramce suke, babu majalisar dokokin da talaka zai kai kukansa, har ya zamana ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wato NUNS, wadda Segun Okeowo na Jami'ar Legas yake shugabanta, tana cikin 'yan tsirarun da suka rage masu iya duban idon hukuma su faɗa mata gaskiya. Da sulhu ya faskara, sai ɗalibai suka ƙaurace wa darussa a watan Afrilu, suna neman a tuɓe Kwamishinan Ilimi, Kanar Ahmadu Ali. A Legas 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi mai suna Akintunde Ojo. Da labarin ya iso Samaru ta Zariya, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda galibinsu ba su taɓa ganin mamacin ba, kuma ba yarensu ɗaya da shi ba, suka fito suna juyayinsa tamkar ɗan'uwansu na jini. Sojoji suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka. Wannan zumunci, wanda bai tambayi ƙabila ko addini ba, shi ne abin da ya fi taɓa zuciyata a cikin al'amarin duka.

Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta NUNS, amma a 1980 sabuwar ƙungiyar ɗalibai mai suna NANS ta maye gurbinta. Fitinar ba ta kwanta ba, gama a watan Mayun 1986, bayan an hukunta shugabannin ɗaliban Zariya a kan jerin gwanon tunawa da mamatan 1978, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar jami'ar, jini ya sake zuba.

Ba na wanke ɗalibai daga gaggawar ƙuruciya, domin ƙone-ƙone da fashe-fashe ba su da hujja a shari'a ko a hankali. Sai dai kashedin da suka yi ya tabbata, tunda an daina ciyar da ɗalibai, ga shi yau yaro na dafa garau-garau a kan risho a ɗakin kwana kafin ya tafi lacca. Ya ku shugabannin jami'o'i, ku bar ɗalibai su zaɓi wakilansu da kansu, ku yi shawara da su tun kafin a ƙara ko kwabo. Ku kuma ɗalibai, kada ku sayar wa 'yan siyasa amanar da aka biya da rayukan magabatanku.