Kafintan Rumfa: Mai Sanyaya Kwano a Kudancin Birnin Kaduna

Duk wanda ya ratsa Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi ko Sabon Tasha a watan Maris ko Afrilu zai ga jama'a sun bar ɗakuna sun koma gindin rumfa. A wannan lokaci zafin Kaduna kan kai digiri 35 ko fiye, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Sai dai rumfa suna ta tara. Wata ka zauna iska na kaɗa ka, wata kuwa ko minti goma ba ka yi za ka jiƙe sharkaf da gumi, alhali duk rufin kwano ne. Bambancin yana hannun kafinta.

Wannan yanki ya daɗe da sanin aikin hannu. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, nan ne kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Da masaƙu suka durƙushe, mutane da yawa sun koma sana'o'in hannu, unguwanni kuma suka ci gaba da faɗaɗa har Gonin Gora. Mai shago na son inuwa a ƙofar shagonsa, maigida na son baranda, masallaci da coci na son inda jama'a za su fake. A wurin aiki za ka tarar da Bahaushe da Bagwari da Bayarabe suna miƙa wa juna guduma, da Hausa kuma ake ciniki.

Aikin daga kasuwar katako yake farawa. Gwani ba ya sayen ɗanyen katako, domin in ya bushe a kan rufi sai ya karkace ya saki ƙusa. Yakan zaɓi mai tauri kamar maɗaci don ginshiƙai, tu-bai-fo don ƙwarangwal, sannan tu-bai-tiri ko tu-bai-tu inda kwano zai kwanta. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, sai an shafe katakon da maganin gara, wasu kuma da baƙin mai. Gindin ginshiƙi ba ya taɓa ƙasa, a kan dakalin siminti ake ɗora shi don kada laima ta ci shi.

Sanyin kuwa dabara ce hawa-hawa. Na farko tsayi: kwanon da ya sha rana yana feso zafi ƙasa, saboda haka in ya yi nisa da kan mutum, zafin da ke iso shi ya ragu. Ƙwararru kan so rumfa ta kai ƙafa goma. Na biyu launi. Farin kwano ko alminiyum mai ƙyalli yana mayar da hasken rana, baƙi da ruwan ƙasa kuwa shanye shi suke yi, ko da yake su ne masu gida suka fi so don ado. Na uku silin, kuma a nan ake gane gwani. Yakan bar tazara tsakanin kwano da silin, ya bar kafa a ƙasa da sama, domin iska mai zafi sama take yi. In ta sami hanyar fita, mai sanyi ta maye gurbinta. In aka toshe, sai silin ya zama murfin tukunya. Na huɗu fuska: ranar la'asar daga yamma take shigowa ta ƙarƙashin rufi, don haka akan tsawaita bakin kwanon ta wannan gefe, ko a rataya zana ko asabari.

Damina ma tana da nata hukunci. Iskar farkon ruwa a Kaduna ta sha yaye rufi, rumfa kuma ta fi ɗaki haɗari tunda iska na shiga ta ƙasanta ta ɗaga ta. Shi ya sa ake ɗaure ƙwarangwal da langa-langa ko rodi, a buga ƙusa mai hula a kan tudun kwano, a ba rufin gangara mai kyau don ruwa ya sauka da sauri.

Yaro yakan shafe shekaru a hannun maigidansa kafin a yaye shi. Da miƙa ƙusa da riƙe tef yake farawa, ya koyi jan zarto, daga bisani a yarda ya hau sama, inda kwano ke yanka hannu, rana kuma ke ƙona tafin ƙafa. Babbar matsalar sana'ar a yau tsadar kaya ce. Mai ba da aiki yakan ce, "Oga, a rage tsayin, a sa kwano mara kauri, bandir biyu ya isa." Kafintan kirki yakan tsaya ya yi masa bayani, domin araha ba ta ado, kuma in rumfa ta yi zafi sunansa za a kira.

Wanda zai kafa rumfa ya zauna da kafintansa tun kafin a sayi kwano, ya tambaye shi ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita. Kuɗin da za a ƙara don tsayi da silin sau ɗaya ake biyansa, amma iyali za su ci moriyarsa duk bazara.