Liyafar Gida A Samaru: Zoɓo Da Kunun Aya Ke Fid Da Maigida Kunya

A Samaru da Sabon Garin Zariya, duk lokacin da Salla ta kewayo ko Kirsimeti, magidanta da yawa sukan kira abokan aiki da maƙwabta su zo gida a ci abincin dare tare. Abin da ya bambanta liyafar waɗannan unguwanni da ta cikin Birnin Zazzau shi ne irin baƙin da ke hallara. Sabon Gari ya kafu ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a wajen 1911, ta kawo Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauran kabilu. Samaru kuwa ta bunƙasa ne a dalilin tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Saboda haka maigidan da ya gayyaci mutum goma sha biyu, da wuya a rasa Musulmi da Kirista a cikinsu, da malamin jami'a da ɗan kasuwa.

To, a nan ne zancen abin sha yake da muhimmanci. Turawan da suka yi aiki a Samaru sun zo da al'adarsu ta haɗa giya iri-iri da ruwan 'ya'yan itace a ba baƙo kafin abinci. Wannan al'ada ba ta karɓi gidan da rabin baƙinsa ba su ko zama inda ake shan giya ba. Lemon kwalba kuma tsada gare shi, balle tun da Gwamnatin Tarayya ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi, wanda ya fara aiki a 2022. Sai matan gida suka riƙe dabarar haɗawar, suka ajiye giyar, suka komo ga kayan da ke kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Abin da suke haɗawa kowa yana iya sha daga jug ɗaya, babu wanda za a ware.

Sarkin waɗannan abubuwan sha shi ne zoɓo, watau soɓorodon da ake ɓarewa daga jikin yakuwa. Ana girbinsa ne da farkon hunturu, saboda haka sabo yakan shigo kasuwa daidai da Kirsimeti. Ba mu kaɗai ke shansa ba. A Masar ana ce masa karkade, a Senegal bisaf, kuma fatake suna sayen na Jigawa su kai har Meksiko. Uwargidan da ta san aikinta takan wanke shi sau biyu ko uku da ruwan sanyi don fid da yashi, sa'an nan ta tafasa shi tare da citta da kanumfari da ɓawon abarba. In ya huce ta tace, ta zuba ruwan abarba ko na kankana, ta yayyanka kokwamba a kai. Waɗansu sukan jefa 'yar kanwa don rage tsami, amma fa kanwa tana sa jan ya koma baƙi-baƙi, in kuwa ta yi yawa sai ta kashe ɗanɗanon.

Na biyu shi ne kunun aya, wanda ya fi kowanne neman kulawa. Busasshiyar aya ake jiƙawa ta kwana, a tsince tsakuwa, a haɗa da dabinon da aka cire wa ƙwallo da kwakwa da 'yar citta, a markaɗa a tace da ƙyalle mai tsabta. Dabinon ya isa zaƙi, ba sai an ƙara sukari ba. Aibinsa ɗaya, ba ya jure zafi; in ya yi 'yan sa'o'i ba sanyi sai ya yi tsami ya soma yauƙi. Don haka shi ake yi daga ƙarshe, gab da isowar baƙi, musamman da yake ba a dogara da wutar lantarki. In a injin unguwa za a markaɗa, a tsaya a ga an wanke injin, don kada kunun ya zo da yajin tattasan wani gida.

Na uku kuma jiƙon tsamiya ne da citta, a sa masa mazarƙwaila irin ta ƙasar Maƙarfi, a matsa lemon tsami, a jefa ganyen na'ana'a. Wannan shi ya fi dacewa da liyafar Babbar Salla, inda soyayyen nama da farfesun kayan ciki suke yawa, gama yana yanke maiƙo a baki. Cittar kuwa daga kudancin Jihar Kaduna take zuwa, wajajen Kaciya da Kwoi, ta kuma yi tsada ƙwarai tun bayan cutar da ta halaka gonakinta a 2023.

Sai dai akwai abin da ya wajaba kowace uwargida ta riƙe. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane a Kano sun kwanta asibiti, waɗansu sun rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano, kuma hukumar NAFDAC ta gano cewa an sayar da wani sinadari mai guba da sunan ɗan tsami. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata bai cancanci shiga tukunyar da za a shayar da baƙi ba, tun da ga tsamiya ga lemon tsami a kasuwa. Haka nan kuma ruwa. Tafasa zoɓo ba ta da amfani in daga baya aka sirka shi da ruwan rijiyar da ba a dafa ba, ko aka fasa masa ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, domin ta nan taifot da amai da gudawa suke shiga gida. Gara a jera robobin a cikin kula a lulluɓe su da ƙanƙara ta waje. Ya kuma kamata a ware jug ɗaya marar sukari saboda masu ciwon sukari, a kuma gaya wa baƙi abin da ke cikin kowane jug, don mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su san yadda za su yi da zoɓo.

Sauran shiri ba wuya. Abinci kala biyu ko uku ya wadatar, kamar waina da miyar taushe, da shinkafa dafa-duka, in maƙwabciya ta aiko da sakwara da miyar agushi a jera su tare. A sa lokaci bayan sallar Isha'i, ko kuwa a tanadi buta da tabarma. Baƙo ya kan manta yawan kajin da aka yanka, amma ba ya manta gidan da ya sha abu mai daɗi ya kwana lafiya. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma.